Rigunan Ƙungiyar Bayan Tasha

Maigidana ya rasu wata biyar ke nan. Mai Faci ake ce masa, saboda rumfarsa ta gyaran keke da ke bakin tasha, amma a filin ƙwallo Koci ne sunansa. Shi ya kafa ƙungiyar Bayan Tasha, ya riƙe ta shekara talatin da shida, ni kuma ni na wanke mata riguna duk tsawon shekarun nan. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Abin da na tuna shi zan rubuta, in na kuskure shekara a yi mini afuwa.

Wata uku da rasuwar, Kyaftin ya zo gida. Gyaran waya yake yi, kuma ɗan Dogo ne, golanmu na farko. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ya gaishe ni, ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, za mu yi wasa don tunawa da Baba Koci. Amma rigunanmu duk sun mutu. Mai lamba bakwai ma hammatarsa a waje take."

"Na sani. Ni na ɗinke ta sau uku."

"Shi ne muka ce ki taimaka mana da lambar mutumin nan nasa, mai kawo masa riguna. Na bincike wayar Baba kaf ban gani ba. Mun zaga kasuwa, babu mai irin kalar nan tamu."



"In ba a same shi ba," in ji shi, "mai kantin magani ya ce zai ba mu shuɗɗa, da sunan kantinsa a ƙirji. Gaskiya, Inna, yaran ma sun fi so. Sun gaji da tsokana."

Na ce ya ba ni sati biyu, zan nemo mutumin. Ya tafi yana ta godiya, ni kuma na zauna hannuna a kumatu. Babu wani mutum. Mutumin nan ni ce, ni da rabin duro da sanda. In na faɗa, na mai da mijina maƙaryaci a gaban mutanen da suka ɗauke shi uba, ga shi ba ya nan balle ya kare kansa. In na yi shiru, kalar da ya tsare duk rayuwarsa ta tafi tare da shi.

Bari in koma farko.

Lokacin da aka kawo ni gidansa, filin nan juji ne. Su goma sha uku suka share shi da shebur da baro: Birki direban babbar mota, Dogo mai lodi, Tela, Mai Burodi da ƙanensa, da wasu da fuskarsu kawai nake iya tunawa. Tsohon bututun famfo suka kafa a matsayin ƙarfen gola, suka saƙa raga da igiyar ɗaure kaya. Ƙwallo ɗaya gare su, facin da ke jikinta ya fi fatar yawa. Da sassafe suke atisaye, gari na fara haske, domin ƙarfe bakwai kowa na da wurin aikin da ke jiransa.

Da suka samu wasansu na farko, da ma'aikatan wani kamfani masu takalma da safa, sai suka wakilta maigidana ya nemo riguna. Suka ce kowace kala ce, in dai iri ɗaya ce. Ya je gwanjo ya tsinto farare tas guda goma sha biyar, na auduga. Bai nuna wa kowa ba, ya ce sai an wanke warin dila ya fita tukuna.

Watana uku a gidan. Ina son in burge shi, ina kuma son in burge surukata, wadda ta riga ta gaya wa maƙwabta cewa ɗanta ya auro wadda ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba. Ranar famfo ya ɗan zo ya ɗauke, bokiti biyu kawai na tara. Sai na ce bari in yi dabara. Na tafasa ruwan, na zuba rigunan a baho, na haɗa da sabon jan zanena da nake son sawa in je kallon wasan, na danne, na tafi ɗora girki.

Da na dawo na ɗago riga ɗaya, sai na ga ta canja kala. Ruwan hoda. Wata ta kama sosai, wata dabbare-dabbare kamar an watsa mata. Na cuɗa, na ɗauraye, na ƙara sabulu har fatar yatsuna ta saɓule, ko gezau. Gobe wasa.

Ya dawo cin abincin rana ya tarar da ni a bayan ɗaki ina kuka. Ya ɗaga riga ɗaya ya duba gaba, ya duba baya. Ya leƙa ya ga mahaifiyarsa ta fita unguwa. Ina jira ya ɗaga murya.

"Ina zanen?" ya ce.

Na nuna masa.

"Mayar da shi ciki. Mayar da su duka. Tunda sun kama, su kama daidai."

Muka sake tafasa ruwan. Ina juyawa da sandar shanya, shi yana tsaye a kaina yana ɗago riga yana duba ta a rana. Can ya ce, "Ya isa, fitar." Da suka bushe, duk goma sha biyar suka zama iri ɗaya. Ya dube ni, hancina ja, hannuwana ja, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a ƙasa.

"Wannan tsakanina da ke ne," ya ce. "Ko Innata ba za ta ji ba."

Washegari na tsaya a gefen fili da tsohon zane. Maigidana ya kwance buhu. 

Birki ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. "Mai Faci, ƙwallo za mu buga ko ɗakin amarya za mu yi wa jere?"

Ban san lokacin da maigidana ya shirya maganar ba, wataƙila a kan keke. Ya ce, "Kai jahili ne. Wa ke fitowa atisaye kafin mu a garin nan? Babu. In muka fito, wace kala sama take yi ta gabas? Ku duba da kyau. Kalar wayewar gari ce, kalar masu tashi da wuri su nemi na kansu. Musamman na sa aka yi mana. Akwai wani mutumina a nesa, shi kaɗai ke da ita."

Dogo ya duba rigar, ya ɗaga kai sama ko da yake rana ta yi, ya ce, "Wallahi haka ne fa."

Suka saka. Suna shiga fili 'yan kamfani suka ɗauki ihu: "Ga amare sun iso! A ba su kujera!" Wani ɗan gabansu ya tambayi Birki ko ya zo da turare. Birki ya amsa masa da kafaɗa, shi kuma ya rama da gwiwar hannu. A nan haƙorin Birki na gaba ya tafi, har yau giɓin na nan. An ci mu huɗu da ɗaya. Amma wasa na biyu muka ci, na uku muka ci, daga nan ko da wasa ba mai cewa a canja kala.

Tun daga lokacin, duk shekara uku ko huɗu idan riguna suka tsufa, sai ya ce wa 'yan wasa zai aika wa mutuminsa. Ya hau keke ya tafi kasuwar can gaba inda ba a san shi ba, ya sayo farare da garin rini ja. Dole na auduga, domin na robar nan da ake yayi ba sa shan rini. Yara su yi ta ƙorafi wai suna nauyi in an yi zufa, ya ce musu su rage ciki. Mukan jira ranar da 'ya'yanmu suka tafi makaranta, mu sa sakata, mu ɗora rabin duro a murhu. Ni ke zuba gishiri, ni ke juyawa. Shi nasa ido ne. Jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu, don haka ba a gwada shi da tsohuwar riga, sai wanda ya san yadda zai koma in ya bushe. Ni ban taɓa koyo ba, ban ga dalili ba. Ina juyawa ne har sai na ji ya ce, "Ya isa." Bayan sun bushe in ɗinka lambobi da baƙin yadi. 'Ya'yanmu huɗu sun girma a gidan nan, babu wanda ya sani. Babbar ta taɓa tambayata me ya sa farcena ja, na ce maganin kaushi ne.

Ƙungiyar ta ga abubuwa. A shekara ta tara muka ci kofin unguwanni. Canjaras aka tashi, aka je fenareti, Dogo ya kama biyu, ta ukun kuma da fuska ya tare ta, sai da aka yayyafa masa ruwa ya san an ci. Birki ya zuba su a bayan motarsa aka zaga gari ana hon. Kofin na kan kabad ɗina, kunnensa ɗaya ya karye tun ranar, domin Mai Burodi ya ce sai ya sha shayi a ciki. Akwai shekarar da ruwa ya cinye filin wata biyu, suka koma atisaye a harabar tasha tsakanin motoci, ƙwallo ta fasa madubin wata bas, maigidana ya yi sati yana bin wata hanyar. Akwai shekarar da aka yanke kusan rabin filin aka yi shaguna, har ya zama mai bugun kwana sai ya jingina da bangon mai aski. Mai Burodi ya rasu a shekara ta ashirin, ƙanensa ya bar gari. Tela idonsa ya mutu, amma yakan sa a kawo shi ya zauna, wai yana gane wanda ya buga daga ƙarar ƙwallon. Sannu a hankali iyaye suka koma benci, 'ya'ya suka shiga fili. Duk sabon ɗan wasa, ranar da za a ba shi riga, sai Birki ya tsayar da shi ya ba shi labarin wayewar gari, ya nuna masa giɓinsa ya ce, "Ka ga wannan? Saboda kalar nan ya tafi. Kada ka kunyata ta."

Ina jin labarin nan daga bakin ƙofa ina ninke riguna. Wani lokaci mu haɗa ido da maigidana, ya ɗaga mini gira ɗaya.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Zuwansa fili na ƙarshe a kujera aka kai shi. Ya sa usur a baki ya hura, ƙara ba ta fita ba. Yaran suka yi kamar sun ji, suka fara wasa.

To, da Kyaftin ya tafi ranar nan, na kwana biyu ina saƙawa. A rana ta uku na shiga mota na je kasuwar can gaba. Na sha wuya kafin in samu na auduga, amma na samu goma sha takwas. Na sayi rinin, na sayi gishiri. Na jira ranar da auta ta tafi wurin aikinta, na sa sakata, na jawo duron daga bayan ɗaki na kankare tsatsa. Na ce a raina ai sau goma na yi wannan aikin, hannuna ya san shi.

Hannun ya san nasa kuwa. Na zuba komai yadda aka saba. Na sa rigunan na kama juyawa, tururi na dukan fuskata. Sai na tuna yadda maigidana yake tsayawa ta hagu, da bokiti a kife yana ɗora ƙafa ɗaya, yana ba ni labarin wanda ya yi lattin atisaye. Ina juyawa ina saurare. Ban san ina jira ba. Wallahi ban sani ba, sai da na ga itacen ya cinye, wuta ta mutu, hannuna ya gaji. A lokacin na gane babu mai cewa in fitar.

Sun fito jajur, ja mai duhu kamar hanta. Na ɗauraye har ruwan gidan ya ƙare. Na zauna a kan bokitin nan nasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Saura kwana biyu wasa. Da na nemi wasu fararen ma, wa zai duba mini? Na ɗinka lambobin haka nan, na aika a kira mini Kyaftin, na ce ya zo da babansa da Birki.

Suka zauna a tabarma a tsakar gida. Na juye buhun a gabansu.

Birki ya ɗaga ɗaya, kamar yadda ya yi shekara talatin da shida da suka wuce. "Matar Koci, mutumin nan ya cuce ki. Ya ga mai shi ya mutu shi ne zai kawo mana wannan? Ba ni lambarsa, yau sai ya san ni."

"Ga shi nan a gabanka," na ce.

Na faɗa musu komai, tun daga bokiti biyu da jan zane. Na nuna musu duron. Na nuna musu farcena. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Dogo ne ya fara. Wata irin ƙara ta fito masa ta hanci, sai ya kife a tabarma yana dukan ƙasa. "Zane! Zanen amarya! Ni kuwa har sama na duba!" Yana dariya hawaye na zuba, har ban san wanne ne a ciki ba.

Birki bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a giɓinsa. "Wato haƙorina a kan wanki ya tafi."

"Yaya Birki..."

"Yara nawa na tsayar na ba su labarin nan? Jikana ma na ba shi. Tare muka share filin nan da shi, mota ɗaya muka kwana a hanya, bai taɓa ce mini uffan ba. Ya zauna yana kallona ina zuba kamar rediyo."

"Laifina ne, ba nasa ba. Ni ya rufa wa asiri."

Ya tashi ya sa takalmi a hagunce, ya fita ko sallama babu. Shi ne kuma aka sa zai ba da tarihin ƙungiya a lasifika ranar wasa.

Kyaftin ya tattara rigunan. Ya ce, "Inna, za mu saka su. Shuɗɗan nan su jira." Amma abin da ke raina ba riguna ba ne a lokacin, bakin Birki ne.

Ranar wasa filin ya cika har kan rufin shaguna. Da 'ya'yan 'yan kamfanin nan aka haɗa mu. Aka ba ni kujera a gaba kusa da Tela. Yaranmu suka fito da jajayen riguna, sai gunaguni ya tashi. Tela ya taɓo ni ya ce, "Me ya faru? Yau ban ji an ce amare ba."

Aka miƙa wa Birki lasifika. Ya yi gyaran murya ya fara yadda ya saba: su goma sha uku, shebur da baro, bututun famfo. Ya zo kan, "Wa ke fitowa atisaye kafin mu a garin nan?" sai ya tsaya. Ya dubi yaran, ya dube ni. Na sunkuyar da kai na damƙe hannun kujera.

"Jama'a," ya ce, "Mai Faci ya yi mana ƙarya. Shekara talatin da shida yana yi mana ita, ni kuma ina tallata masa kyauta. Babu wayewar gari, babu mutumi a nesa. Matarsa ce ta haɗa rigunanmu da jan zanenta a wanki, tana amarya. Shi kuma don kada a yi mata dariya, ya gwammace a kira ƙatti goma sha uku amare har su tsufa." Ya gyara riƙon lasifikar. "Na kwana biyu ina fushi da shi. Da na gaya wa tawa matar, sai ta ce, kai ranar da na ƙona maka wando da dutsen guga, har tasha ka kai shi kana nuna wa mutane. To, duk namijin da ke nan da ya taɓa yi wa matarsa rabin abin da mutumin nan ya yi, ya ɗaga hannu in gani."

Babu hannun da ya tashi. Wata mata daga bayan raga ta ƙwala, "Ku ɗaga mana! Ina kuke?" Filin ya ɗauki dariya da tafi. Birki ya goge ido da hannun riga ya ce, "Allah ya jiƙanka, maƙaryacin banza," ya miƙa lasifikar ya zo ya zauna kusa da ni.  Alƙalin wasa ya hura usur.

An ci mu biyu da ɗaya. Wanda ya ci mana ƙwallon ya rugo har gabana ya ja ƙirjin rigarsa ya nuna mini.

Bayan kwana uku suka yi taro a kan kala. Kyaftin ya ce an kusa dambe. Tsofaffi suka ce ruwan hoda ko a rushe ƙungiya. Abin mamaki, yaran da suka gaji da tsokana su ma suka ce ita suke so, wai yanzu in an ce musu amare sun san amsar da za su ba da. Aka tsayar cewa jajayen nan za a saka su har su mutu, sannan rini na gaba a bakin fili za a yi shi, a bainar jama'a, ni in juya, Birki da Dogo su duba. Tun yanzu sun fara gardama, kowa na cewa idon ɗan'uwansa ya lalace.

Kyaftin ya tambaye ni ko na yarda. Na ce na yarda, amma su zo da itacensu da ruwansu, kuma su samo mai ɗaukar mini duron, don bayana ba kamar da ba ne.